Fostin ɗin tiyata: shi ke jawo ɗalibi ga aikin fiɗa ko shi ke korar sa?

Dalibar_Aji_Biyar:
Assalamu alaikum manyanmu likitoci da 'yan uwana ɗalibai. Jiya na gama fostin ɗina na tiyata, wato zaman koyon aiki da ake tura ɗalibi sashen tiyata na asibiti, mako takwas cif, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun muna aji biyu a ɗakin gawa nake cewa ni likitar fiɗa zan zama, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini "Wuƙa". Yanzu na fito duk jikina ya yi sanyi. A mako takwas ɗin nan sau uku kacal na wanke hannu na shiga aiki, kuma duk ukun ritirakta aka miƙo mini, ƙarfen nan da ake ja da shi a buɗe wurin aiki, na yi ta ja har kafaɗata ta sage, ban ga komai ba sai gwiwar hannun rajistara, likitan da ke neman ƙwarewa. Sauran ranakun ina jikin bango bayan mutum shida ina ɗage. Babu wanda ya san sunana, "ke ɗaliba" shi ne sunan.

Ita kuwa ƙawata, wadda ta shiga tana rantsuwa ita da tiyata sai dai kallo daga nesa, likitar yara za ta zama, sai aka jefa ta wani rukunin daban. Yanzu haka duk ƙafar kujerar ɗakinmu zare ne, ƙulli take koyo dare da rana.

To tambayata: abin da ɗalibi ke gani a fostin shi ne ainihin aikin, ko kuwa sa'ar hannun da ka faɗa ce kawai? In bi abin da na ji in haƙura, ko in ɗauka ban ga komai ba tukuna?

Zare_da_Allura:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sa'ar hannu ce, ko tantama ba na yi. Shekarata uku ina neman ƙwarewa a tiyata, kuma zan iya faɗa miki ranar da abin ya kama ni. Aikin ƙaba ne, ba wani babban aiki ba. An gama gyara, saura fata. Sai kwansaltan, babban likitan, ya ɗago ya ce, "Kai mai riƙe da ƙarfen nan, yaya sunanka?" Na faɗa. Ya ce wa sista ta miƙo mini abin riƙe allura. Wallahi hannuna rawa yake kamar mai jin sanyi. Na soka allurar a karkace, ya ce fitar, a tsaye ake shiga fata, sannan ka juya wuyan hannu ka bi lanƙwasar allurar, kar ka tura ta da ƙarfi. Ɗinki uku na yi, na ukun ma ya warware ya ce in sake. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Washegari tun kafin a fara zagayen duba marasa lafiya na riga kowa zuwa gadon mutumin, ina ta leƙen filasta ko ya jiƙe. Ban taɓa damuwa da wani ciwo irin wannan ba, saboda da hannuna a ciki. Da wanda ya saba mayar da ɗalibai turken ritirakta na faɗa wa, da yanzu ina wani sashen.

Mai_Ja_da_Baya:
Zare_da_Allura, ni kuma nan ne nake ganin yaudarar take. Ɗinki uku a fata ai tallan hajar ne. Ɗalibi bai ga daren da ɗinkin hanji ya ɓalle kwana biyar bayan aiki ba, mara lafiya ya kumbura da zazzaɓi, a tashe ka ƙarfe biyu a sake buɗewa. Bai taɓa tsayawa gaban 'yan uwan mamaci yana neman kalmar da zai fara da ita ba. Shi yana rufe littafin sa hannunsa ya tafi ya kwanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na fara neman ƙwarewar, na bari bayan shekara ɗaya da rabi, kuma abin da ya ja ni tun farko irin naka ne sak.

Dan_Aji_Hudu:
Ku bar tsorata mu mana, wata mai zuwa za mu shiga 😭 Ni babbar fargabata ma kar in faɗi a gaban mutane.

Sarkin_Barci:
Dan_Aji_Hudu, kwantar da hankalinka, in ka faɗi mu ne masu ɗaga maka ƙafa. Ni likitan sa barci ne, kuma daga bayan ƙyallen da ke raba mu da masu wuƙa na ga ɗalibai da dama sun zube, har da waɗanda yau su ne manyan likitocin fiɗa. Ba ragwanci ba ne. Doguwar tsayuwa ce wuri guda, ga zafin fitila da riga da takunkumi, ga ƙaurin na'urar ƙona jijiya, sai jini ya taru a ƙafafu, bugun zuciya ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Kar ka shigo da yunwa, ka riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, kuma da ka ji gumi mai sanyi ko kunne na ƙara, ka ce "zan ja baya" ka zauna a ƙasa. Ba mai yi maka dariya. Wanda ake jin haushinsa shi ne wanda ya cije har ya kife kan teburin kayan aiki.

Ke kuma mai tambaya, da kin zagayo wajenmu ai da kin ga aiki. A saman kan mara lafiya babu mai tare miki gani. Ni ma da niyyar fiɗa na shiga, wani ya ce zo ka riƙe haɓar nan ka matsa jakar iska, na ga ƙirji na ɗagawa da hannuna, shi ke nan aka sace ni. Kuma ku tuna, kafin ranar 16 ga Oktoba 1846 da William Morton ya shaƙa wa mara lafiya iskar ether mai sa barci a Boston aka cire masa ƙari a wuya, gwanin fiɗa shi ne wanda ya fi saurin yanka mutum yana ihu. Duk wannan yangar awa shida da suke yi, mu muka ba su.

Zare_da_Allura:
Ranka ya daɗe Sarkin_Barci, mun ji, mun gode. Amma dai a daina soke mana jerin ayyukan rana saboda gishirin jini ya ɗan yi ƙasa 😄

Sista_Mai_Tebur:
Bari in sa baki tunda kullum mu ake cewa muna korar ɗalibai. Eh, ina tsawa. Amma ku dubi wajena: na shimfiɗa kaya tsaf an kashe musu ƙwayoyin cuta, na ƙirga kowane ƙyallen tsane jini da kowace allura, sai ga yaro ya gama wanke hannu ya sa safa, ya kai hannu ya gyara takunkuminsa. Ko ya jingina da teburina yana kallon sama. In na yi shiru, mara lafiya ne zai biya da ruɓewar ciwo. In ƙyalle ɗaya ya ɓace a ƙirga, ba mai rufe ciki sai an gano shi.

'Yata, ga abin da ba a faɗa muku a aji. Ki zo da wuri, ki gaishe da ma'aikatan ɗakin, ki faɗi sunanki da lambar safar hannunki, ki taya mu ɗora mara lafiya kan gado. Ɗalibin da ya yi haka, ni da kaina nake cewa likita, "Yallaɓai, ga wance ta wanke hannu." Wanda ya shigo bayan an fara, ya harɗe hannu a bango, to bangon ne rabonsa. Ban ce haka kika yi ba, amma ki bincika.

Dalibar_Aji_Biyar:
Mama Sista na gode, kuma gaskiya kin taɓo ni. Makon farko an yi mini tsawa kan na taɓa koren ƙyallen da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, daga ranar na koma ɓoyewa a baya. Amma kuma mu goma sha biyu ne a rukuni ɗaya, ko kowa ya yi ladabin duniya tebur ɗin mutum nawa zai ɗauka?

Kwakwalwa_Kwamfuta:
Maganar safar hannu ta tuna mini, ai Lister ne ya ƙirƙiro ta ko? Haka na riƙe tun aji uku.

Sista_Mai_Tebur:
A'a ɗana. Joseph Lister shi ne na ruwan kabolik, a 1867 ya wallafa yadda yake kashe ƙwayoyin cuta a rauni. Safar roba kuwa William Halsted ne ya sa kamfanin Goodyear ya yi ta wajen 1890, kuma ba don mara lafiya ba ma, don nas ɗinsa Caroline Hampton da ruwan magani ke cinye wa hannu. Daga baya ya aure ta. Ka ga safar da kuke taƙama da ita saboda nas aka fara yin ta.

Tsohon_Hannu:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Na yi fiye da shekara talatin ina fiɗa kafin in ajiye wuƙa, kuma dole in amsa laifin da ya rataya a wuyan irinmu.

Halsted ɗin nan da Sista ta ambata, shi ne ya kafa tsarin horar da likitocin fiɗa a asibitin Johns Hopkins na Amurka bayan buɗe shi a 1889. A cikin asibitin masu koyon suke zaune, shekara da shekaru, ana ɗaukar da yawa a ƙasa ana zubarwa har a tsira da ƙalilan a sama. Ana jingina masa maganar nan ta ka ga an yi sau ɗaya, ka yi sau ɗaya, ka koyar sau ɗaya. Tsarin ya fitar da gwanaye, ba musu. Amma ya bar mana gadon tunanin cewa wanda bai sha wuya ba bai cancanta ba. Haka aka yi mana, mu ma muka yi wa na bayanmu muna ganin tarbiyya ce.

Akwai wata ɗaliba da na taɓa tambaya, ciki a buɗe, wace jijiya ce wannan da ke shayar da matsarmama. Ta yi shiru. Na ce ta fita ta je ta karanto. Ban ko ɗago na ga fuskarta ba. Shekaru bayan nan muka haɗu a wani taro, ta zama babbar likita a wani fannin, ta ce mini, "Yallaɓai, ranar nan na san amsar, bakina ne ya ƙi buɗuwa, kuma daga ranar na cire tiyata a raina." Ni na ma manta an yi. Abin da yake minti ɗaya a wurina, ita ya juya mata hanya gaba ɗaya.

Sai dai 'yata mai tambaya, ki yi mana adalci ta wani gefen. Lokacin da jini ke ɓulɓulowa daga inda ba ka gani, babu sauran gurbi a kan mutum na tuna sunan ɗalibi. Shirun da kika gani wani lokaci ba wulaƙanci ba ne, tsoro ne muke ɓoyewa.

Mai_Ja_da_Baya:
Allah ya ƙara girma Baba. Da irinku sun yi yawa masu faɗin haka da wataƙila ban gudu ba. Amma wuyar ba ta tsawa kaɗai ba ce, har da awannin aiki. A Amurka sai da wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin Niyok a 1984 a hannun likitoci masu koyo da suka kwana suna aiki, aka yi ta shari'a da ce-ce-ku-ce, sannan a 2003 aka ƙayyade awa 80 a mako a duk ƙasar. Awa 80 fa shi ne sassaucin! Tarayyar Turai ta sa 48. Ɗalibi yana ganin rajistara na gyangyaɗi a tsaye, ba sai an ce masa komai ba.

Tsohon_Hannu:
Haka ne ɗana. Amma akwai abin da masu rage awanni ba su warware ba har yau: hannu ba ya iyawa sai da maimaici. In ka rage awa, sai ka ƙara shekaru ko ka nemo wata hanyar koyo. Ban ce a koma irin namu ba.

Umman_Biyu:
Akwai ɓangaren da maza a nan ba za su gani ba. Ina fostin ɗina na tiyata, sau nawa aka tambaye ni, cikin raha wai, "Ke da wannan aikin yaushe za ki yi renon yara?" Abokan karatuna maza ba wanda aka taɓa yi wa wannan tambayar. Ga teburin an ɗaga shi daidai tsayin kwansaltan, ni sai na nemo abin takawa. Ga wasu kayan aikin an ƙera su don manyan hannuwa, sai na sa hannu biyu kafin in ɓalle maƙullinsu.

Abin da ya riƙe ni mace ɗaya ce, babbar rajistara, da na gani tana cire saifar da ta fashe da cikinta wata bakwai. Ba ta taɓa zaunar da ni ta yi mini nasiha ba. Ganinta kawai ya isa. Yau ni ce a wurin, da yara biyu, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce da sauƙi ba, akwai ranakun da nake fita suna barci in dawo suna barci. Ƙanwata, kafin ki yanke hukunci ki nemi mace mai yin aikin ki bi ta mako guda, har kilinik da kiran dare, ba ɗakin tiyata kaɗai ba.

Dan_Aji_Hudu:
Tambaya a gefe: an ce yanzu da aikin kyamara ɗalibi ya fi gani, gaskiya ne?

Zare_da_Allura:
Gani kam ka fi gani, kowa allo ɗaya yake kallo, har na jikin bango. Tun da Erich Mühe ya cire matsarmama ta 'yar ƙaramar huda a Jamus a 1985 abin ya canza. Amma in aka ba ka riƙon kyamarar za ka gane kurenka. Ka ɗan karkata hannu, duk cikin ya juye a allo, sai ka ji an ce "daidaita mana!" Ka matsa kusa, gilashin ya yi hazo. Kuma ramukan ƙanana ne, ɗinki ɗaya ko biyu an gama, ɗan abin da ake bar wa ɗalibi ma ya ragu.

Likitan_Kowa:
Ni ina ganin duk kun ɗauka aikin fostin shi ne farautar masu gadon wuƙa. Mafi yawan 'yan aji ba za su taɓa zama likitocin fiɗa ba, kuma ba laifi. Ni na ji daɗin fostin ɗina, an bar ni na yi ɗinki, an san sunana, amma na gane ba na son mara lafiyana yana barci. Ina son hira, ina son in ga mutum shekara goma ina bin hawan jininsa. Fostin ya yi aikinsa ke nan, ya nuna mini inda ba nawa ba.

Abin da na tsira da shi ya fi ɗinki amfani. Wani rajistara ya kama hannuna ya ɗora a cikin wani yaro, kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin tsinin ƙashin ƙugu na dama da cibiya, inda ake kira wurin McBurney, ya ce danna a hankali ka kalli fuskarsa, kar ka kalli hannunka. Har yau da wannan nake gane afendis in tura da wuri. Cikin da ya sandare kamar katako, ƙabar da ta maƙale ta ƙi komawa, waɗannan kowane likita dole ya san su ko da ya tsani ɗakin tiyata.

Lissafi_Dole:
Likitan_Kowa, na yarda ba kowa ba, amma kar mu yi sakaci da waɗanda suka zo da so aka kashe musu shi. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa kan tiyata a duniya ya fitar a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata, kuma ana buƙatar ƙarin aiki miliyan 143 duk shekara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Suka sa burin a samu likitocin fiɗa da na sa barci da na haihuwa 20 ga kowane mutum 100,000 kafin 2030. Daga ina za su fito in ba daga cikin masu tsayuwa jikin bangon nan ba?

Wani abin kuma, takardar tantancewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai abubuwa 19, a cikinta akwai cewa kafin a sa wuƙa kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Da ana bin ta yadda take, "ke ɗaliba" ba za ta kai mako takwas ba.

Sista_Mai_Tebur:
Muna karanta ta kullum. Sai dai gaskiya sau da yawa in an zo kan ɗalibai tsallakewa ake yi. Daga gobe zan gyara a ɗakina.

Dalibar_Aji_Biyar:
Na karanta duka, wasu har sau biyu. Maganar Likitan_Kowa ta sa na tambayi kaina wace rana ce na fi jin daɗi a makonnin nan, sai na ga ashe ba a ɗakin tiyata ba ce. Akwai wata baiwar Allah mai maƙoƙo da ni na fara ɗaukar bayaninta a kilinik. Ranar aikinta ban ga komai ba kamar kullum. Amma da ta farfaɗo ina gefenta, kwansaltan ya sunkuyo ya ce, "Mama, faɗi sunanki." Ta faɗa, murya garau. Sai na ga ya sauke ajiyar zuciya, ashe jijiyar murya yake jin tsoro, wadda ke bi ta bayan maƙoƙon. Matar ta kamo hannuna tana laluben wuyanta da ɗaya hannun. Na koma ɗaki na kasa barci don murna.

To yanzu ban sani ba, wannan son fiɗa ne, ko son mara lafiya ne da zan samu a kowane fanni?

Mai_Ja_da_Baya:
Son mara lafiya ne. Mai son fiɗa da haushin rashin ganin jijiyar zai kwana.

Umman_Biyu:
Ban yarda ba. Ta lura da ajiyar zuciyar likita, ta bi ta gano dalilinta. Ni ma ta nan na fara.

Tsohon_Hannu:
Ku bar ta, ai akwai sauran fostin na biyu a ajin ƙarshe, ga kuma shekarar horon farko bayan kammalawa, inda za ta riƙe marasa lafiya da kanta ta sha kiran dare. 'Yata, wannan karon ki zaɓi mara lafiya ɗaya duk mako, ki bi shi daga kilinik har cire zare. Daren da za a yi masa aiki ki karanta sassan wurin. Da safe ki tari likitan kafin ya wanke hannu ki ce, "Yallaɓai, ni na ɗauki bayanin wannan, ina so in shiga." Ƙalilan ne za su ce a'a.

Zare_da_Allura:
Kuma ki karɓi ragowar zaren nan wajen ƙawarki. Fara da ƙullin hannu biyu, kar ki yi gaggawar na hannu ɗaya don burgewa, sista na gani za ta gane.

Dan_Aji_Hudu:
Ni dai har yanzu ba wanda ya faɗa mini yadda zan san lambar safar hannuna. Aunawa ake yi ko gwadawa?

Sista_Mai_Tebur:
Gwadawa. Ka zo ranar farko da wuri ka same mu, za mu ba ka 7 da 7.5 ka sa mu gani. Kuma ka yanke farce kafin ka zo.